Wanda Ya Fasa Kwanson Anini

Da hantsi ƙarar ta iso ofishin 'yan sanda, kuma tun kafin Sufeto Abdulghaffar ya ɗauki hularsa an riga an gama shari'ar a waya. An yi sata a gidan Alhaji Abdulelah da ke unguwar Sharafiyya. An san ɓarauniyar. Mai aikin gidan ce. A zo a ɗauke ta.

Haka ake yi a garin nan. Ko cokali ne ya ɓace, ɗakin mai aiki ake fara buɗewa.

A bakin ƙofa ya same ta. An fito da ita titi, ƙafarta ɗaya babu takalmi, maƙwabta na leƙe ta taga. Tsohuwa ce doguwa, sunanta Dela. Tun tana budurwa take girki a gidan. Duk yaran gidan a bayanta suka girma, shi ya sa suke ce mata Dada.

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce da Hausa, "Kai ɗan nan, kana jin magana?"

A unguwar Nuzla aka haifi Sufeto. Kakansa a ƙafa ya zo aikin hajji ya zauna, uwarsa kuwa har gobe da Hausa take yi masa faɗa. Amma in ya sa kaki, ninke Hausar yake yi ya bar ta a gida.

"Yi Larabci, khala," ya ce mata da Larabci, khala wato inna.

Ba ta yi masa musu ba. Ta kai idonta ƙasa, ta ce a hankali, da Hausa dai, "To, ka taka kashin mage."

Ya ɗaga ƙafa ya duba. Babu komai a takalmin.

"Ka gani ko?" ta ce. "Baki ne ke ƙarya, ƙafa ba ta iya ba. Duk haka kuke, 'ya'yan nan. Yanzu tsaya ka ji. A Nuzla aka binne cibiyata. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, tana hannun mutumin da ke cikin gidan nan, shi ne kafilina, mai tsaya mini. In ya sa hannu a ƙarar nan, tarhil za a yi mini, a jefa ni jirgi zuwa ƙasar da ban taɓa takawa ba, da sunan ɓarauniya a goshina. Ban ɗauki ko allura ba. Ka shiga ka yi aikinka."

Kunya ta kama shi. Ya sa kurtu ya samo mata kujera da ɗayan takalmin, ya shige.

Ɗakin da aka yi satar a saman bene yake. Alhaji Abdulelah na zaune gaban wata doguwar durowa. Tsoho ne mai farin gemu, attajiri, jikan mahajjata shi ma, amma Larabci kaɗai ake ji a gidansa. Kusa da shi wani matashi na tsaye cikin farar taguwa mai guga. Shi ne Fawaz, ɗan marigayi ƙanen Alhaji, a gidan nan ya tashi, kuma shi ke auren 'yar Alhajin.

"Me aka ɗauka?" Sufeto ya tambaya.

Alhaji ya jawo durowar. Tsofaffin sulalla ne jere, kowane cikin nasa kwanson roba mai haske, mai tauri kamar gilashi.

"Ba a buɗe su," in ji Alhaji. "Waje nake aika su. Masana su duba kowace tsaba, su faɗi darajarta, su rufe ta ruf, su buga mata lamba. Matuƙar tana cikin kwanson, duk inda ta je a duniya an san tawa ce. In aka fasa, shi ke nan. Ta zama tsabar kowa."

Sufeto ya lura da layin da ya yi giɓi. Na zinare suna nan reras suna ƙyalli, ɗaya kawai babu. Giɓin yana can gefe, wajen ƙananan.

"Waɗannan fa, me ke nan?"

"Kuɗin ƙasar kakana. Masu huda a tsakiya. Ya ɗinke su cikin fata ya ratso da su hamada, bai kashe ko ɗaya ba, shi ya sa suke sababbi fil. Ƙaramar cikinsu ta fi duk zinaren nan daraja. Masana sun ce irinta a wannan kyau ba su da yawa."

"Wa ya san haka a gidan nan?"

"Ni kaɗai, a zatona."

"Ni dai injiniya ne," Fawaz ya sa baki. "A wajena duk ƙarfe ne. Amma ai ba sai an wahalar da kai ba, Sufeto. Ni na samo shaidar da hannuna."

Daga titi muryar Dela ta taso, tana ta zuba Hausa kamar ruwan famfo. Fawaz ya yatsina fuska.

"Me take cewa ne? Ni ko kalma ɗaya ta yaren nan ban sani ba."

Sufeto bai fassara masa ba.

Fawaz ya kai shi kicin. A lungu akwai turmin Dela na dakan yaji, cike da fasassun roba. Sufeto ya durƙusa ya tsinto manyan. Tsakiyarsu ta sha duka, gaskiya ne. Amma kowace kusurwa tana da cizo guda, mai tsabta, irin na filaya. Wani ya bi kusurwoyin a natse ya ɓantare su, ya zare tsabar lafiya, sannan ya zuba ɓawon a turmi ya kirɓa.

"Zinaren fa?"

"A ɗakinta. Cikin gwangwanin kanwa."

Ɗakin Dela bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Gwangwanin na kan taga. An zubar da kanwar, an shimfiɗa auduga, an kwantar da zinaren, an sake rufe shi da auduga. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Ya san yadda uwarsa ke ɓoye abu: ƙulli a bakin zane, a cusa ƙarƙashin katifa. Wannan kwanciyar jarirai ce. Wanda ya kawo zinaren nan ya yarda a kori tsohuwa daga ƙasa, amma bai yarda tsaba ta ƙwarzanu ba.

Da zai fita ya ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ƙasan takalminsa. Ya duba. Wani tsinin roba ne ya nutse a cikin dunduniyar, sai da ya sa farce ya ciro shi.

Saura shaida ɗaya, Wafa', 'yar Alhaji. A falo ya same ta, idonta ya kumbura.

"An ce kin ga wani abu."

"Na ga Dada ta fito daga ɗakin Baba jiya bayan la'asar."

"Da idonki?"

"Da idona."

"Tana riƙe da wani abu?"

"Ban lura ba."

Ya rufe alƙalaminsa kamar ya gama. Ya dubi matakalar benen, ya ce, "Masha Allah, gidan nan fes. Wa ke share muku sama?"

"Wata ce ke zuwa daga waje. Dada ai ta daɗe ba ta hawa, gwiwarta ba ta..."

Ta tsaya.

"Ba ta me?"

Ta sa hannu ta rufe baki.

"Wa ya ce ki ce kin gan ta?"

"Ba kowa."

"Matar nan ita ta goye ki?"

Sai kuka. Amma suna ba ta faɗa ba. Irin kukan nan ne da ba ya wanke kowa.

A tsakar gida Alhaji ya tare shi. "Kawo takardar in sa hannu a wuce wajen. Ba na son ganinta."

"Ba yanzu ba. Ka ba ni zuwa la'asar."

"Me kake jira? Ga turmi, ga zinare."

"Sun yi yawa ne, Alhaji. Shi ya sa."

Ya sa aka mayar da Dela ɗakinta, kurtu a ƙofa. Ya ga yadda ta dafa bango kafin ta haye dokin ƙofar. Matar da dokin ƙofa ke ba wa wuya, ita ce wai ta hau bene.

Masu cinikin tsofaffin kuɗi a tsohuwar kasuwar Balad ba su da yawa, kuma wanda ya san kuɗin ƙasar Hausa a cikinsu mutum ɗaya ne, Ismail, Bahaushen Sudan mai ƙaramin shago a wani lungu.

"An kawo maka tsaba mai huda kwanan nan?" Sufeto ya tambaye shi.

"Wallahi kasuwa ta mutu, ranka ya daɗe. Kuda ma ba ya shigowa."

"Ba kasuwa na tambaye ka ba."

"Ba wanda ya zo."

A kan teburin akwai farar safar hannu ta auduga, da madubin ƙara girma, da wani littafin hotunan sulalla a buɗe. Shafin da ke sama hoton ƙaramar tsaba ne mai tauraro da huda a tsakiya. Sufeto ya ɗora yatsa a kai.

"Kuda ne ya buɗe maka wannan?"

Ismail ya share zufa. Sufeto ya sauke murya, ya koma Hausa, Hausarsa mai ɗingishi da Larabci a ciki.

"Malam Ismail, akwai wata tsohuwa za a yi wa tarhil a kan abin nan. Sa'ar uwarka ce."

Ismail ya zauna.

"Jiya da yamma wani ya zo. Ban saya ba, na rantse, tsoro na ji. Ya ce gadon kakansa ne, a zare ta daɗe tana rataye. Ƙarya ce. Hudar da ta ga zare tana gogewa. Wannan ko iska ba ta sha ba, daga kwanso ta fito. Tambayarsa ita ce yadda zai aika waje a rufe ta da sabuwar lamba."

"Shi ya sa ya fasa."

"Shi ya sa. Da tsohuwar lamba ba ta sayuwa, duk mai saye zai duba ya ga mai ita. Jahili da kwanson zai gudu. Sai wanda ya san kan abin ke fasawa. Da ka ga yadda ya riƙe ta! Ta gefe, da yatsa biyu."

"Fuskarsa?"

"Takunkumi da baƙin tabarau. Farar taguwa, turare mai tsada, Larabcin 'yan gata. Na ɗauka Balarabe ne tsantsa. Sai da zai mayar da ita aljihu, ya ce, nawa za ta yi, aninin nan?"

"Anini ya ce?"

"Anini. Ni kaina rabon da in ji kalmar tun kakata na da rai. Ba ta cikin littafin nan. Ba a koyonta a makaranta. Sai wanda ya sha ta a gida."

Bayan la'asar Sufeto ya tara su a falo. Alhaji na kan babbar kujera da alƙalami a hannu, yana jiran takarda. Wafa' na gefe, kanta a sunkuye. Fawaz ya harɗe ƙafa yana latsa waya. Aka shigo da Dela. Ba wanda ya ce ta zauna, sai ta jawo kujera da kanta.

Sufeto ya fara da Larabci.

"Ustaz Fawaz, jiya da yamma kana ina?"

"Wajen aiki, a unguwar masana'antu."

"Ba ka je Balad ba?"

"Me zan yi a Balad?"

"Ka ce ba ka san komai game da sulalla ba."

"Na faɗa maka."

"Hausa ma ba ka ji."

"Sau nawa zan faɗa? Baffa, ka sa hannu mutumin nan ya tafi da ita, yalla, a gama."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya haƙura. Ya juya musu baya, ya je taga ya tsaya yana kallon titi. Sannan ya yi magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba tsohuwa haƙuri.

"Baba Dela, kwantar da hankalinki. Wanda ya fasa robar nan bai sani ba, har yanzu tsininta na maƙale a ƙasan takalminsa na hagu."

A gilashin tagar yana ganin falon duka. Wafa' ba ta motsa ba, ita da gaske ba ta ji. Alhaji ya ɗago kai ya dubi Sufeto. Fawaz kuwa idonsa na kan waya, fuskarsa ko gezau.

Amma ƙafarsa ta hagu ta karkata. Ya saci kallon ƙasan takalmin.

"Babu komai a wajen," Sufeto ya ce, da Hausa dai, ya juyo. "Ni ma haka aka yi mini da safe."

Dela ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Na duba ne kawai," Fawaz ya ce. "Ƙafata ce ke ƙaiƙayi."

"Wace tambaya kake amsawa? Ai ka ce ba ka ji. Kawo makullin motarka."

"Ba ka da iko."

"Ba shi," in ji Alhaji.

Kurtu bai daɗe ba ya dawo. Filaya ƙarama. Safar hannu ta auduga. Takunkumi. Da wani gidan tabarau, cikinsa auduga, cikin audugar tsabobi masu huda kwance ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shimfiɗar bayan motar cike take da ɓarɓashin roba, a nan aka yi aikin.

Alhaji ya miƙa hannu zai taɓa ƙaramar, ya fasa.

"Me ya sa, Fawaz?"

Fawaz ya ajiye wayar. Ya daina ƙarya, don ƙaryar ta ƙare masa.

"Kakanku ɗaya da ubana. Shi ya ɗauko su a ƙafa, ba kai ba. Da ya mutu ka kwashe, ubana ko ɗaya bai gani ba har ya bar duniya. Ka rufe su a roba ka sa sunanka. Na daɗe ina karatu a kansu, na fi ka sanin abin da ke durowar nan. Haƙƙina na ɗauka."

"Da ka tambaya."

"Da ka ba ni?"

Alhaji ya mayar da idonsa kan tsabobin.

"Ita fa?" Sufeto ya nuna Dela. "Ita ma haƙƙinka ce?"

Fawaz ya kau da kai. "Na ce in aka same ta da zinare ɗaya, ba wanda zai ƙara bincike. A sa ta jirgi, magana ta mutu. Ai ta tsufa. Can ma ƙasarsu ce."

"Wafa' kuma?"

"Ni na ce ta faɗi haka."

Dela ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta taka har gabansa. Da Hausa ta yi masa, don yanzu kowa ya san yana ji.

"Ƙasarsu. Kai taka ina ce? Gadon kaka kake so, harshen kaka kake kunya. A bayana ka koyi kalmar nan. Kana zazzaɓi kana kuka, ina jijjiga ka ina ce maka ɗan aninina, don ƙanƙantarka. Ban san ka ajiye ta ba. Ashe ka ajiye, ka kai ta kasuwa."

Leɓensa ya motsa. "Dada..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Kurtu ya sa masa ankwa. Wafa' ta zube ƙasa tana kuka, ba wanda ya ɗaga ta. Aka fita da shi ta ƙofar da aka fitar da Dela da safe, maƙwabtan nan dai na taga.

Alhaji ya ajiye alƙalamin. Ya ce da Larabci, can cikin maƙoshi, "An yi kuskure. Ki koma ɗakinki, Dela. Zan ƙara miki albashi."

"Riƙe albashinka."

"To me kike so?"

"A ɗaki aka kira ni ɓarauniya? A titi ne. Da bakinka. Mai shagon kusurwa ya ji, matar liman ta ji, mai gyaran taya ya ji. Can za ka fita ka wanke ni. Kuma ka yi da Larabci don su ji, ka sake da Hausa don ni in ji."

Alhaji ya dubi Sufeto, ko zai cece shi.

"Ba ya cikin doka," in ji Sufeto. Ya je ya buɗe ƙofar, ya riƙe ta. "Amma ba na sauri."

Tsohon ya tashi da sanda. Ya fita ya tsaya a kan dakali, rana na dukan farin gemunsa. Da Larabci ya faɗa, ya fito sarai: matar nan ba ta ɗauki komai ba, ɗan gidansa ne ya yi. Sai ya shiga laluben ɗayan harshen kamar mai neman makulli a tsohuwar riga.

"Dela ba ɓarauniya ba ce," ya ce da Hausa. "Na zalunce ta."

"Ɗaga murya," ta ce daga bayansa. "Da safe ai ba raɗa ka yi ba."

Ya ɗaga.

Ta tsaya har ya gama, har tagogin suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juya wajen Sufeto, wanda ke shirin shiga mota.

"Kai kuma, ɗan wa ne a Nuzla?"

Ya faɗa mata sunan uwarsa.

"Na san ta. Ka ce ina gaishe ta. Ka kuma ce mata na ce ƙafarka ta fi bakinka gaskiya."

Ta koma ciki, ta ɗauko turminta, ta juye ɓarɓashin robar a gaban durowar takalman Alhaji, ta tafi wanke shi.